Wa Za Ka Ba Riƙon DNS na Kamfaninka?

DNS shi ne tsarin da ke fassara sunan intanet zuwa adireshin da kwamfuta ke ganewa. Kafin ka zaɓi wanda zai riƙe maka shi, ka sani sunayen kamfani iri biyu ne. Akwai waɗanda mutanen waje ke nema, kamar shafin intanet da imel, akwai kuma na kwamfutoci da firintocin cikin ofis. Bai kamata a zuba su a shiyya ɗaya ba, wato kundin rikodin DNS guda (zone).

Na waje, mafi sauƙi shi ne ka bar su wajen kamfanin da ya yi maka rajistar suna. Ga ƙaramin ofis mai buƙatar rikodin A (adireshin saba), da MX (inda imel ke zuwa), da TXT (bayanan rubutu) kaɗan, wannan ya isa. Sai dai ka duba ko suna da DNSSEC (sa hannun da ke kare amsoshin DNS daga jabu), da ko za su bar ka ka rage TTL (tsawon lokacin da ake ajiye amsa kafin a sake tambaya) kafin ranar ƙaura zuwa wata saba, don wasu ba sa bari.

Idan cinikinka ya dogara da shafin, ka koma wajen masu wannan sana'a: Cloudflare, Amazon Route 53, Azure DNS ko Google Cloud DNS. Cloudflare na da tsarin kyauta, Route 53 kuwa yana caji kan kowace shiyya da yawan tambayoyi. Dukansu biyu sun samo hanyar kauce wa dokar da ta hana ɗora CNAME (rikodin da ke nuna suna zuwa wani suna) a kan tushen suna, abin da ke wahalar da masu ajiye shafi a sabar wasu, sai dai hanyar Route 53 galibi ga ayyukan Amazon take aiki. Amma girma ba ya hana faɗuwa. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka kai wa Dyn, wani babban kamfanin riƙon DNS, hari, Twitter da Netflix suka ɓace wa jama'a da dama. Saboda haka ka tambaya tun farko: zan iya fitar da fayil ɗin shiyyata? Zan iya haɗa ku da mai riƙo na biyu? Route 53, alal misali, ba ya yin AXFR (hanyar kwafe shiyya daga saba zuwa saba), sai ka kwafa ta wata hanya.

Kafa manhajar DNS kamar BIND ko PowerDNS da kanka yana ba ka cikakken iko, tare da cikakken ɗawainiya: sabar biyu aƙalla, a wurare daban, da mai tashi da tsakar dare idan ɗaya ta mutu. Ban ga ribarsa ga sunayen waje ba, sai in kana da ma'aikatan da aikinsu ke nan.

A cikin gida kuwa lissafin ya juya. Mai amfani da Active Directory, tsarin Microsoft na kula da masu shiga kwamfutocin ofis, ya bar DNS na Windows Server ya riƙe shiyyar, domin ta rikodin SRV kwamfutoci ke gano sabar da ke tantance masu shiga. Kada ka raɗa mata .local, wannan na mDNS ne, hanyar da na'urori ke gano juna ba tare da sabar DNS ba. Yi amfani da reshen sunanka na gaskiya, ko .internal da ICANN, hukumar kula da sunayen intanet, ta keɓe a 2024.

Ko wa ka zaɓa, ka gwada saka SPF, DKIM da DMARC, rikodin da ke tabbatar da cewa imel daga gare ka ya fito, tun makon farko. Daga Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta su ga masu aika imel da yawa.