Wane bod za ka saya idan kana son kanel ɗinka ya tada cibiya ta biyu?

Yawancin masu sayen bod don rubuta ƙaramin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, yawan cibiyoyin firosesa (cores) suke fara dubawa: biyu ne ko huɗu. Amma abin da zai ci maka lokaci daban ne. Idan wuta ta shiga, cibiya ɗaya ce kawai ke fara gudanar da lambarka, sauran suna tsare a wani wuri. Wa ke tsare da su, kuma yaya ake sakinsu? A nan bod-bod ɗin suka bambanta.

Raspberry Pi Pico, mai cip ɗin RP2040, ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4. Cibiyoyi biyu ne na Cortex-M0+ masu gudun 133MHz, da memori 264KB. Ta biyun tana barci a cikin ROM, wato memorin da ke ɗauke da shirin da aka gina a cikin cip ɗin, tana jiran saƙo ta wani ɗan layi da ke tsakaninsu mai suna FIFO. Kalmomi shida, wato lambobi shida, za ka tura mata a jere: 0, 0, 1, sai adireshin teburin vekta (jerin wuraren da cibiya ke zuwa idan an katse ta), sai kan stak (memorin da take ajiye bayanan wucin gadi), sai inda za ta fara aiki. Kowace kalma ka tura sai ta maido maka ita, idan ta maido wata daban sai ka koma farko. Kamar ɗalibin allo ne da ke biya wa malam karatu kafin a ƙara masa. Duk wannan ba ya wuce layi talatin na C, kuma takardar bayanan cip ɗin ta zayyana shi dalla-dalla. Babu MMU (sashen da ke fassara adireshin memori), babu kash (ƙaramin memori mai sauri) na bayanai ga kowace cibiya, don haka abin da ɗaya ta rubuta a memori ɗayar tana ganinsa nan take. Rauninsa ɗaya: M0+ ba shi da umarnin LDREX da STREX da ake gina makullai da su don kada cibiyoyi biyu su taɓa abu ɗaya a lokaci guda, dole makullanka su dogara da makullan hadwaya 32 da ke cikin sashen cip ɗin mai suna SIO. Pico 2, mai RP2350, ya zo a Agustan 2024 a kan dala 5 da Cortex-M33 biyu waɗanda ke da waɗannan umarnin, memori 520KB, har da zaɓin komawa cibiyoyin RISC-V biyu. A ganina ƙarin dala ɗayan nan ba asara ba ce.

ESP32 na Espressif shi ne wanda za ka fi saurin samu a kasuwa, ga WiFi a ciki. Cibiyoyinsa PRO_CPU da APP_CPU na Xtensa LX6 ne, ana tada ta biyun ta hanyar saka adireshi a rajista, a ba ta agogo, a cire ta daga riset. Sai dai ESP-IDF, kayan rubuta manhaja na Espressif, da kanel ɗinsa FreeRTOS sun riga sun yi maka komai, kuma Xtensa ba shi da yalwar bayani kamar ARM. Ga mai son na'ura ta yi aiki, madalla. Ga mai son koyon tada cibiya da hannunsa, ba zan fara da shi ba. A kula wajen saye: mai shago duk ESP32 zai kira su, alhali S2 da C3 cibiya ɗaya gare su. Karanta rubutun da ke kan murfin ƙarfen. Tsakanin S2, C3 da S3, S3 ne mai biyu.

Raspberry Pi 3 da 4 su ne inda aikin ke yin zafi. Cibiyoyi huɗu ne, Cortex-A53 a na 3, Cortex-A72 a na 4. A yanayin 64-bit, famwaya, wato shirin da ke fara tada bod ɗin, tana ajiye cibiyoyi 1 zuwa 3 suna jira da umarnin WFE (na jiran sigina), kowace tana leƙa adireshinta: 0xe0, 0xe8 da 0xf0. Ka rubuta inda kake so ta tafi, ka buga SEV, umarnin da ke aika siginar, ta farka. A takarda da sauƙi. A zahiri, cibiya ta farko ta riga ta kunna MMU da kash, ita kuwa wadda ake tadawa duk nata a kashe suke. Adireshin da ka rubuta zai iya maƙalewa a kash bai sauka memori ba, ita kuma tana ta karanta sifili. UART, hanyar da bod ke turo maka rubutu, shiru, babu saƙon kuskure, babu komai. Sai ka share layin kash ɗin da umarnin DC CIVAC, ka biyo da DSB don a jira ya kammala, kafin SEV. Haka stak ɗinta da duk abin da za ta karanta kafin ta kunna nata MMU. Wanda ya ci wannan jarrabawa ya fahimci SMP, wato kanel ɗaya a kan cibiyoyi da yawa iri ɗaya, da gaske, shi ya sa nake ganin Pi 4 ya cancanci kuɗinsa a matsayin bod na biyu.

Pi 5 da galibin sababbin bod na ARM64 sun koma PSCI, tsarin ARM na roƙon famwaya ta kunna ko kashe cibiya: kira ɗaya na CPU_ON, lamba 0xC4000003, famwaya ta yi sauran. Wannan ba sai ka kashe ko kwabo ba, injin virt na QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'ura, yana yinsa a kwamfutarka. Amma QEMU ba ya kwaikwayon kash, saboda haka kuskuren da ke sama ba zai taɓa bayyana a can ba.

STM32H745 da H755 kuwa kada kalmar "biyu" ta ruɗe ka. Cortex-M7 ne da Cortex-M4, kowanne da nasa shirin daban, suna daidaitawa ta makullan hadwaya masu suna HSEM. Kanel ɗaya ba zai riƙa jefa ayyuka tsakaninsu ba. Sun dace da mai son M4 ya riƙe injin lantarki mai juyawa (motor) ko sensa, M7 ya yi lissafi.

Idan nau'in bod ɗaya za ka saya, sayi Pico 2 guda biyu, ka ɗora wa ɗayan famwayar debugprobe ya zama dibaga, wato na'urar bin diddigin kuskure, ta wayoyin SWD. Da manhajojin OpenOCD da GDB za ka tsayar da cibiya ta biyu ka ga ainihin adireshin da ta tsaya.