Kaɗa ƙararrawar coci: salon Ingila da na Beljiyam

A Ingila, kowace ƙararrawa da mai kaɗa ta. Mutum shida ko takwas kan tsaya a zagaye cikin hasumiyar coci, kowa riƙe da igiyarsa. Ƙararrawar tana juyawa gaba ɗaya kafin ta yi ƙara, don haka ba ta da saurin da za a fitar da waƙa da ita. Abin da suke yi shi ne sauya jerin bugun a kowane zagaye, ba tare da maimaita jeri ko sau ɗaya ba. Da ƙararrawa bakwai ana samun jeri 5,040, kuma kammala su kan ci wajen awa uku, duk a haddace, babu takarda a gabansu. Tun 1677 Fabian Stedman ya wallafa littafi kan wannan fasaha.

Beljiyam da Holan kuwa kariyon suka riƙe. Kariyon shi ne ƙararrawa aƙalla 23 a kafe, mutum ɗaya zaune yana dukan sandunan katako da dunƙulen hannu, ƙafafunsa na taka na manyan ƙararrawar. Yakan sassauta bugu ko ya ƙarfafa shi, waƙa ta fito sarai har 'yan kasuwa su ji. A birnin Mechelen na Beljiyam akwai makarantar koyon kariyon da Jef Denyn ya kafa a 1922.

Kunne ya fi saurin karɓar kariyon. Ni dai zuciyata na wajen 'yan Ingila, domin mutum ɗaya ya yi sakaci, aikin awa uku ya rushe, sai a sake tun daga farko.