Wata 18 ina barin shagon kwamik yana cirar kuɗi daga katin bashina

Duk mai tara littattafan labaran zane, waɗanda muke ce wa kwamik, ya san darajar ranar Laraba. Ranar ce sababbin fitowa ke shiga shaguna a kasuwar Amurka, inda yawancin waɗanda nake bi suke fitowa. Shekaru na yi ina saye ɗai-ɗai, wani lokaci in samu, wani lokaci in tarar an rigaye ni. Da na gaji da farauta sai na yi rajista da wani shagon intanet mai tsarin ajiya. Kai dai ka rubuta jerin labaran da kake bi, su yi maka oda tun kafin a buga, su tara, su aiko maka sau ɗaya a wata. Kuɗinsu kuma suna cira da kansu daga katin da ka ba su. Ni katin bashi na ba su, kuma na yi wata 18 a haka.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Aikinsu sun iya shi. A duk tsawon lokacin nan fitowa ɗaya ba ta wuce ni ba. Kowane littafi yana zuwa cikin ledarsa da kwalin da ke hana shi lanƙwasa, an naɗe ƙunshin kamar ƙwai aka ɗauko. Sau ɗaya ƙunshi ya iso gefensa a murje, na tura hoto, suka sake aiko wasu ba tare da ja-in-ja ba. Rangwamen ma gaskiya ne, kashi 20 cikin 100 a kan duk abin da na yi oda da wuri. Ba don Allah suke yi ba, akwai dalili. A wannan kasuwa shago ba ya iya mayar wa kamfani abin da ya yi kwantai, duk abin da ya sara nasa ne, ya sayar ko ya ruɓe a hannunsa. Shi ya sa mai oda tun wata biyu kafin fitowa ya fi masa kowa daraja, domin littafinsa sayayye ne tun yana injin bugawa.

Matsalar tana cikin abin da ya sa tsarin ya yi daɗi. A da, in zan sayi littafi sai na ciro kuɗi na miƙa, in ji zafinsa. Yanzu zaɓe nake yi a watan Maris, a cire kuɗin a Mayu, takardar banki ta zo a Yuni, lokacin na ma manta me na zaɓa. Na fara da labarai 6. Ban san ranar da suka zama 23 ba.

Wani ɓangaren laifina ne, wani kuma na tsarin. Akwai wani ɗan akwati a shafin rajista wanda na tarar an riga an sa masa alama, yana nufin duk wani reshe da ya tsiro daga labarin da kake bi a haɗa maka. Wanda ya san manyan kamfanonin kwamik ya san me wannan ke nufi: labari ɗaya zai ratsa mujallu goma a wata uku, kowacce da kuɗinta. Sai kuma lokacin sokewa. Da zarar ranar rufe oda ta wuce, littafi ya zama naka ko kana so ko ba ka so, kuma saƙon tunatarwa yakan zo ne a cikin tarin imel ɗin talla. Wannan na ɗora musu shi. Bangon musamman kuwa ni na kai kaina. Littafi ɗaya ne, shafukan labarin kusan 20, amma a buga shi da bango kala biyar ko goma. Akwai wanda shago ba zai samu kwafi ɗaya ba sai ya yi odar 25, ko 50, ko 100 na bangon gama-gari, don haka farashinsa ya ninka sau da yawa. Na sha sayen labari guda sau uku saboda zanen bango, ina gaya wa kaina ai jari nake zubawa.

Wannan maganar jari ita ta fi cutar da ni, kuma tsohuwar cuta ce. Kowa ya ji cewa fitowar farko ta Action Comics ta 1938, inda Superman ya fara bayyana, wadda aka sayar senti 10 (kashi ɗaya cikin goma na dala), an yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala miliyan 6 a 2024. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin tsadar. A lokacin yara ne ke karantawa su yar, takardar mai arha ce, an kuma tattara da yawa an sake sarrafa su lokacin yaƙin duniya na biyu. Kaɗan suka tsira. A farkon shekarun 1990 mutane suka ce su ma bari su ajiye. X-Men fitowa ta 1 ta 1991 an buga ta da bango daban-daban, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8. A 1992 aka yi layi a shaguna don sayen labarin mutuwar Superman, da yawa ko ledar ba su yaga ba. To abin da miliyoyin mutane suka adana a leda wa zai saya da tsada? Kasuwar ta faɗi, shaguna da dama suka rufe, Marvel, kamfanin da ke buga X-Men, da kanta ta shiga kotun fatara a ƙarshen 1996. Duk wannan tarihin na san shi tun kafin in yi rajista. Ban dai ga kaina a cikinsa ba.

Yanzu katin. Wata biyar na farko ina biyan duka, babu ko sisin kuɗin ruwa. A na shida wata hidima ta taso, na biya rabi. Abin da ban gane ba shi ne, da zarar ka bar saura, hutun kuɗin ruwan da ake ba mai biyan duka ya tashi. Duk sabon abin da ka saya yana fara haihuwa tun ranar sayensa, kuma lissafin kullum ake yi. Nawa katin kashi 24 cikin 100 ne a shekara, wato kusan 2 a wata. A ce bashin 3,000 ne, ko da wane irin kuɗi ake lissafi, kuɗin ruwan wata 60 ke nan. Mafi ƙarancin biyan da bankin ke nema shi ne kuɗin ruwan da kashi 1 na uwar kuɗi, ya kama 90. Ka biya 90 ka ji ka sauke nauyi, alhali 30 ne kawai ya taɓa bashin. Kafin ka juya shagon ya sake cirar na wata mai zuwa.

Da na zauna na yi lissafin rangwamen sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta daɗi ba. Littafin 100 na same shi 80. In 80 ɗin ta kwana a katin tana ƙaruwa da 2 cikin 100 duk wata, kafin shekara ta zagayo ta koma 100. Araha ta tashi a banza, kuma daga nan sama take yi. A Amurka wata doka ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar wata tsawon lokacin da mai biyan mafi ƙaranci zai ɗauka kafin ya gama, da abin da zai riƙa biya in yana so ya gama cikin wata 36. Ni da hannuna na lissafa nawa, da na ga adadin shekarun ido ya raina fata.

Abin farko da na yi shi ne cire katin bashin daga shafin shagon, na sa katin da ke cira daga abin da ke asusuna. A nan ma sai na yaba musu, minti biyu aikin ya ɗauka, babu wanda ya bi ni da roƙo. Odar da ta riga ta rufe dai sai da na biya har wata biyu. Na goge alamar akwatin nan, na zaftare jerin daga 23 zuwa 4.

Sai na ce bari in sayar da "jarin" in rage bashi. A nan na ga iyakata. Mai saye da tsada yana son littafin da kamfanin tantancewa ya duba ya rufe a roba, irin CGC da ya fara aiki a 2000, mai ba da maki daga 0.5 zuwa 10. Tsakanin 9.8 da 9.6 ido ba ya ganin komai, amma aljihu yana gani. Kuma tantancewar kuɗi ce, aike kuɗi ne, shafin gwanjo ma yana yankar nasa kaso. Da na haɗa lissafi, littattafai biyu ne kawai cikin akwatuna huɗu suka cancanci wannan wahalar. Yawancin sauran na haɗa su jumla-jumla na sayar, wasu ko rabin abin da na saya ban samu ba. Bangon musamman da na fi alfahari da shi, wata uku bayan fitowarsa farashinsa ya riga ya zube, domin zumuɗin makon farko ne ke ɗaga shi.

Banki ya yi mini tayin mayar da bashin kan wani kati marar kuɗin ruwa na wata 12, da ladan kashi 3 cikin 100 a biya nan take. Na karɓa, amma ba zan ce kowa ya karɓa ba. A kan 3,000 ladan 90 ne, bai kai kuɗin ruwan wata biyu ba, don haka lissafi ya yi. Sai dai wanda bai daina saye ba, katuna biyu zai cika maimakon ɗaya, in wa'adin ya ƙare kuma an gudu ba a tsira ba. Na raba bashin gida 12, na sa banki ya riƙa cira da kansa ranar da albashi ya shiga. Tsohon katin yana cikin aljihun tebur.

Karatu bai tsaya ba, wannan ya ba ni mamaki. Labaran da na sauke ina jira a haɗa fitowa biyar ko shida a littafi ɗaya, ya fi arha, babu talla a tsakiya, labarin ma ya fi zama a kai in an karanta shi a jere. Na rasa hirar ranar Laraba, lokacin da kowa ke magana kan abin da ya faru ni kuma ina toshe kunne. Wannan yana ɗan ci mini rai har yanzu.

Shagon kuwa ban bar shi ba. Ga wanda ya san jerinsa, yake biya da kuɗin da ke hannunsa, yake kuma duba ranar rufe oda duk wata, ban ga abin kushewa ba sai wannan akwatin da suke sa wa alama da kansu. Ƙunshin watan nan ya iso jiya, littattafai huɗu, siriri kamar wasiƙa, kuma na karanta su duka kafin in kwanta. Saura wata biyar bashin ya ƙare. Akwai akwati ɗaya da ban iya sayarwa ba, cike da fitowar da na biya kuɗinsu har da ruwa amma ban taɓa buɗe ledarsu ba, shi nake ci yanzu, uku-uku a mako.