OraQuick: yadda na yi wa ƙanena gwajin ƙanjamau a ɗakina

Na sayi OraQuick, kayan gwajin ƙanjamau da mutum ke yi da kansa a gida, a wani kemis da ke Sabon Gari saboda ƙanena, wanda ya shafe kusan shekara biyu yana yi wa kansa allurar hiroyin kafin Allah ya sa ya fara janye jiki. Ya sha gaya mini cewa idan jiki ya matsa, sirinji ɗaya kan zaga mutum uku ko huɗu a cikin kango, alhali ɗan jinin da ke maƙalewa a allura ya isa ya kai ƙwayar cutar cikin jijiya kai tsaye. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, na 2018 ya ƙiyasta masu allurar ƙwaya a Najeriya sun kai 80,000, wani binciken na 2020 kuma ya samu ƙanjamau a jikin kusan ɗaya cikin goma daga cikinsu. Na yi juyin duniya ya je asibiti ya ƙi, domin a Zariya da wuya mutum ya zauna a layin gwaji bai haɗu da idon sani ba.

A nan ne wannan kaya ya ciri tuta. Ba a huda yatsa, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai ƙoƙarin nisantar allura. Ana goga ɗan faifan gwajin da ke cikin kwalin a dasashin sama da na ƙasa sau ɗaya, a tsoma shi cikin kwalbar ruwan da ta zo da shi, a jira minti 20, kuma ba a karanta sakamako bayan minti 40. Wannan ba ya nufin yawu na yaɗa cutar. Abin da faifan ke nema shi ne sinadarin kariyar da jiki ke samarwa bayan ƙwayar ta shiga. Mun zauna a kan tabarma bayan sallar isha'i, agogon waya na tsakaninmu, hannunsa na rawa, ya ce, "Yaya, kai ka duba mini." Layi ɗaya ya fito a kan harafin C na jikin faifan, alamar ba a ga cutar ba, ya kifa kai yana hamdala.

Sai dai layi ɗaya ba takardar sallama ba ce. Jiki kan ɗauki har wata uku kafin wannan sinadari ya bayyana, shi kuwa mako biyar ke nan rabonsa da sirinjin wani. Layi biyu ma ba hukunci ba ne sai an tabbatar da gwajin jini a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, inda ake ba da maganin rage kaifin cutar. Haka nan kayan ba ya gano ciwon hanta nau'in B da C, waɗanda su ma allura ke yaɗawa. Wanda kuma ya yi tarayyar sirinji jiya ko shekaranjiya, asibiti ya kamata ya garzaya a ba shi maganin kariya na PEP kafin awa 72 ta cika.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yaron shagon, wanda ya ɗaga murya yana tambayar wa za a gwada a gaban masu saye, ya kuma miƙo kwalin ba tare da ya ambaci zancen wata ukun nan ba. Duk da haka na koma wani kemis na sayi na biyu, na ajiye a durowa, muka rubuta ranar sake gwaji a bayan kalanda. Ƙanena kuma ya yarda in raka shi gwajin hanta ranar Litinin.