Yaushin tumatir: Bacillus za ka saya ko Pseudomonas?

Kafin ka nufi shagunan maganin gona na kasuwar Kejetia a Kumasi, fara tantance ciwon. Yanki karan tumatirin da ya yi yaushi daga gindi, ka rataya shi cikin kofin gilashi mai ruwa garau. In wani farin zare kamar madara ya sauko cikin 'yan mintuna, bakteriyar Ralstonia ce, mai kayar da tsiro alhali ganyensa kore shar. In ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, sau da yawa ta gefe ɗaya, ruwan kuma bai gurɓace ba, zargi fangas ɗin Fusarium.

Ko wanne ne, shukar da ta riga ta kwanta ba ta tashi. Bacillus da Pseudomonas, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake sayarwa a matsayin magani, rigakafi ne: suna mamaye saiwa kafin ciwon ya samu shiga.

Bacillus subtilis da Bacillus amyloliquefaciens suna naɗe kansu cikin ƙwanso mai jure zafi da bushewa, shi ya sa garin maganinsu ke daɗewa a shago. Pseudomonas fluorescens gwana ce wajen kama saiwa, amma ba ta da wannan ƙwanso; rumfar kwano da ranar Kumasi na iya kashe ta tun ba a buɗe leda ba. In ba mai shagon na ajiye ta a wuri mai sanyi ba ne, Bacillus ta fi dacewa da kuɗinka. Trichoderma kuwa fangas ce, ta fi amfani a kan Fusarium.

Duba lambar rajistar EPA (hukumar kare muhalli ta Ghana), ranar ƙarewa, da adadin CFU, wato ƙwayoyi masu rai: nemi miliyan 100 ko fiye a kowane giram. Ledar da ba ta faɗi sunan ƙwayar ba, bar musu kayansu.

Galibi ana cuɗa giram 10 da kilo ɗaya na iri, sannan a tsoma saiwar dashe cikin ruwan maganin na minti 30, amma bi ma'aunin da ke jikin ledar. Yi aikin da yamma. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe saboda kilorin. Kada ka haɗa da maganin jan ƙarfe irin Kocide, zai kashe abin da ka saya.

Gonar da Ralstonia ta yi katutu, magani kaɗai ba ya isa. Tumɓuke masu ciwo, gyara hanyar ruwa, ka juya zuwa masara na wasu shekaru. Barkono da gauta dangin tumatir ne, su ma tana kama su.