WorthPoint: Yana da amfani wajen sa wa wuƙar gado kuɗi?

WorthPoint shafin intanet ne na Amurka da ke tara hotuna da farashin tsofaffin kayan da aka riga aka sayar, akasari daga eBay da gidajen gwanjo. Sai ka biya kuɗin wata-wata kafin ka ga farashin. Ga wanda ya gaji wuƙar aljihu mai naɗewa, amfaninsa a fili yake: eBay kan nuna cinikin kusan kwana 90 da suka wuce ne kawai, shi kuwa wannan yana komawa shekaru baya, kuma wuƙar da ba ta cika fitowa kasuwa ba sai a irin wannan rumbun ake samun 'yar'uwarta.

Sai dai shafin ba ya gane wuƙa. Abin da mai sayarwa ya rubuta shi zai nuna maka, ko daidai ko kuskure. Saboda haka aikin farko naka ne, kafin ka biya ko sisi. Buɗe ruwan wuƙar, ka duba gindinsa kusa da ƙota da madubi mai ƙara girma sau 10. A nan tambarin kamfani yake.

Ɗauki wuƙaƙen Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania, waɗanda masu tarawa suka fi bi. "Case Tested XX" na kusan 1920 zuwa 1940 ne. "Case XX" zalla, 1940 zuwa 1964. In an ƙara "U.S.A." babu ɗigo, 1965 zuwa 1969. A 1970 aka sa ɗigo goma ƙarƙashin tambarin, ana cire ɗaya kowace shekara, don haka ɗigo bakwai 1973 ke nan. Akwai kuma lambar samfuri, misali 6254: 6 na nufin ƙotar ƙashi ce ko roba mai zanen ƙashi, 2 ruwa biyu, 54 kuma siffar wuƙar. Da ƙotar ƙahon barewa ce, da 5 lambar za ta fara. Tambarin da lambar su za ka rubuta a wurin bincike. In ka rubuta "tsohuwar wuƙar Case" kawai, dubban sakamako za su fito ba tare da ka ƙaru da komai ba.

Inda shafin ya fi rauni shi ne jabu da maimaici. Kamfanin Remington ya daina ƙera wuƙa a 1940, amma daga 1982 aka dawo da samfurinsa mai alamar harsashi a ƙota, kamfanin Camillus ne ke ƙerawa a lokacin. Schrade ya rufe masana'antarsa a 2004, sunan ya koma kan wuƙaƙen da ake yi a Sin. Duka za ka gan su a jere, farashin kuwa sama da ƙasa. Haka wuƙar da aka sauya wa ruwa, ko aka goge tambari aka buga wani, tana nan cikin lissafin kamar ta gaskiya.

Lafiyar wuƙar ma sai ka auna da idonka. Masu tarawa suna duba ko an taɓa wasa ta har ruwan ya rage faɗi, ko ƙashin ya tsage wajen ƙusa, ko ruwan na girgiza, ko sifirin na rufe ta da ƙarfi. Wadda ba a taɓa amfani da ita ba tana iya ninka kuɗin wadda ta sha aiki, ko da tambarinsu ɗaya. Kada ka sa mata sanfefa ko injin goge ƙarfe don ta yi ƙyalli a hoto. Hakan na zubar da darajarta nan take. Ɗigon man keken ɗinki a mahaɗa da tsumma mai laushi sun isa. In ƙotar ta seluloyid ce, wato wata irin tsohuwar roba, kuma tsatsa ta fito a ɓangaren ruwan da ke waje in an naɗe, ƙotar ce ke ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. Ware ta daga sauran wuƙaƙe.

Wuƙa ɗaya ko biyu, fara da cinikin eBay na kyauta. In bai wadatar ba, wata ɗaya a WorthPoint ya isa, ka kuma tuna ka soke rajistar kafin ta sabunta kanta. Nemi ciniki biyar zuwa goma masu tambari da lafiya irin na taka, ka fi ba na baya-bayan nan nauyi. In alamu sun nuna ta kafin 1940 ce, kai ta wurin masanin da zai riƙe ta a hannu, wanda kuma ba shi ne mai son saye ba.