Kwas ɗin Google na tallan intanet: sharhina bayan na yi aiki da shi da kuɗin mutane

Jama'a tun da na maƙala satifiket ɗin nan a LinkedIn ɗina ake ta turo min saƙo, wai kwas ɗin Google na Fundamentals of Digital Marketing ya cancanci mutum ya ɓata masa lokaci ko kuwa shi ma irin na sauran ne, har na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, to bari in faɗa gaba ɗaya wanda ya ga zai masa amfani ya ɗauka. Ni dai a 2022 na yi shi, lokacin yana ƙarƙashin Google Digital Garage, dandalin darussan Google na intanet, kuma da gangan na ƙi cewa komai a kansa sai da na taɓa aiki da abin da na koya, don ranar da mutum ya karɓi satifiket kowane kwas daɗi yake masa.

Kafin shi sai da na fara cin wuya a hannun wani mai kwas na kuɗi, ba zan kira suna ba. Tallarsa ce ta ja ni, hoton mota da hoton alat na banki, wai cikin wata ɗaya za ka fara karɓar aiki daga ƙasashen waje. Na biya, aka jefa mu cikin wani guruf na WhatsApp mu wajen ɗari biyu, aka rufe guruf ɗin ba mai magana sai shi, kullum da dare ya turo muryarsa ta minti goma sha yana ba mu labarin yadda ya yi arziki, sai fayil guda ɗaya da ko sunan wanda ya rubuta na asali bai goge ba a ƙasan shafi. Da muka kai sati na uku sai ga ainihin darasin ya fito, wai mu ma mu tallata kwas ɗin a ba mu kamasho. Wallahi ranar na yi dariyar takaici. Shi ya sa da wani abokina ya ce ga na Google kyauta ban ɗauke shi da muhimmanci ba, na ce wanda na biya ma ya kaya balle na banza.

Ashe ba haka ba ne. Lokacin da na yi shi darasi 26 ne, an ƙiyasta zai ci wajen awa 40, kowane darasi an yanka shi ƙananan bidiyo na 'yan mintuna, kana gama kallo a jefo maka tambaya, in ka gama duka sai jarrabawar ƙarshe mai tambaya 40. A lokacin satifiket ɗin na ɗauke da amincewar IAB Europe, ƙungiyar masu harkar tallan intanet ta Turai, da kuma jami'ar Open University ta Ingila. Da Turanci na yi shi, amma Turancin mai sauƙi ne kuma akwai rubutun abin da ake faɗa, in data ta yi ƙasa sai in bar bidiyon in karanta kawai. A waya na yi kusan rabinsa. Wata biyu ya ɗauke ni saboda ni ba mai zama ba ne, wani sai ya gama a sati biyu.

Abin da ya fi zauna min a kai ba wani babban sirri ba ne, tambaya ce da suke ta maimaitawa tun darasin farko har ka fara jin haushi: me kake so ya faru, kuma ta yaya za ka san ya faru? Kafin nan ni a tunanina tallan intanet shi ne ka iya haɗa fosta mai kyau ka samu mabiya da yawa. Kwas ɗin ne ya raba min abubuwa, wanda ya ga talla daban, wanda ya danna daban, wanda ya yi magana daban, wanda ya ciro kuɗi ya saya shi ma daban, kuma kowane mataki da lissafinsa. In mutum 1000 suka ga tallarka 20 suka danna, kashi 2 cikin ɗari kenan, in ka raba abin da ka kashe da 20 ɗin nan ka san nawa kowace dannawa ta ci maka. Lissafin firamare ne fa, amma ban taɓa zama na yi shi ba sai da aka nuna min.

Sashen da na fi jin daɗi shi ne na bincike a Google. A nan na fara gane cewa tallar da ke fitowa a saman sakamakon bincike gwanjo ake yi a kanta duk lokacin da wani ya rubuta kalma, kuma ba lallai wanda ya fi zuba kuɗi ne ke hawa sama ba, ana duba ko tallar ta dace da abin da mutumin ya nema da kuma ko shafin da za ta kai shi yana da amfani, har maki suke bayarwa daga 1 zuwa 10. Wannan ya ba ni ƙwarin gwiwa sosai don ni da waɗanda nake wa aiki duk ƙananan 'yan kasuwa ne. Sai kuma SEO, wato gyara shafi yadda zai fito a bincike ba tare da an biya ba, shi ma sun yi bayaninsa ba tare da ruɗu ba: ka rubuta da kalmomin da masu saye ke amfani da su ba waɗanda kai kake ganin sun fi burgewa ba, shafin ya buɗe da sauri a waya, ka yi haƙuri don abin ba na kwana biyu ba ne. Sashen imel da na faɗaɗa kasuwa zuwa wasu ƙasashe kam gudu na yi a kansu don in ci jarrabawa, ba zan yi ƙarya ba.

To da na gama sai kaina ya kumbura, na je wajen yayata da ke sayar da jakunkuna da takalma ta waya na ce Yaya ki ba ni shafinki wata ɗaya ki ga aiki. Ta ba ni, har da ɗan kuɗin talla. Na zaɓi hoton wata jaka baƙa mai sarƙa, na danna maɓallin nan shuɗi na bustin da ke ƙasan fostin a Instagram da Facebook, wato ka biya a nuna fostin ga ƙarin mutane, na bar komai yadda na same shi, ban zaɓi manufa ba ban zaɓi su wa za su gani ba. Kwana uku laik ya haura 600, ina ta ɗaukar hoton allo ina tura mata. Ranar ta huɗu ta kira ni, ta ce, "Ƙanena, laik ɗin nan naka da su zan biya mai kawo min kaya?" Ko jaka ɗaya ba a saya ba. Mutum biyu ne suka tambayi kuɗi a kwament, su ma ban gani ba sai washegari.

Laifina ne ɗari bisa ɗari, don ainihin abin da kwas ɗin ya yi ta gargaɗi a kai shi na je na aikata. Na'urar talla abin da ka ce mata shi take nemo maka, ka nemi masu laik ta kawo maka mutanen da sana'arsu kenan danna laik su wuce. Sai na koma na buɗe Ads Manager sosai, wato wurin tsara talla na Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, na sa manufar ta zama saƙo, wanda ya danna tallar ya faɗo kai tsaye cikin WhatsApp Business ɗin Yaya, na cire hoton da na cika da rubutu na sa bidiyo na daƙiƙa 15 tana buɗe jakar tana nuna aljihunan ciki da zif. Wani abu kuma da na koya da wahala, tallan Meta na da lokacin da yake koyon su wa zai nuna wa, su da kansu sun ce yana buƙatar sakamako wajen 50 cikin sati kafin ya daidaita, kuma duk lokacin da ka yi babban gyara sai ya koma farko. Ni kuwa da safe in canza hoto, da yamma in canza shekarun masu gani, ashe ni nake hana shi zama. Da na ɗaure hannuna na bar shi sati guda sai saƙonni suka fara shigowa, laik ya ragu sosai amma Yaya ta daina kirana da muryar nan.

Na buɗe Google Sheets na yi layi huɗu kawai, rana, abin da aka kashe, saƙo nawa suka shigo, nawa suka saya. A nan ne ma muka gano wani abu da ba ruwansa da talla, yawancin waɗanda suka yi magana ba su saya ba da dare suke turo saƙo, Yaya kuma sai da safe take amsawa, kafin nan zuciyar mai saye ta huce ko ya samu a wani wuri. Muka saita saƙon tarba da amsoshin gaggawa a WhatsApp Business, muka zuba kayan a katalog da bayaninsu, ciniki ya ƙaru ba tare da an ƙara ko sisi a talla ba. Wannan takardar lissafin ita ce abu mafi daraja da na fita da shi daga duk harkar.

Amma fa mutum ya san abin da zai shiga. Sunansa ma ya faɗa, tushe ne, ba a yi shi don ya maida kai ƙwararre ba. Zai ba ka yaren sana'ar yadda in ana magana ba za ka zama baƙo ba, sauran kuma sai ka nemo. Yadda ake sarrafa tallan Facebook da Instagram daki-daki a Meta Blueprint na ƙarasa koyo, shi ma akwai darussa kyauta. Haɗa fosta a Canva na koya da gwaji da ɓata lokaci. Rubutun da ke sa mutum ya tsaya ya karanta kuwa har yau koyo nake, HubSpot Academy sun ɗan taimaka min a nan. Sannan kayan aikin kansu ba sa zama wuri ɗaya, ina gama sabawa da tsohon Google Analytics, mai ƙirga masu shiga shafin intanet, sai ga shi an daina tattara bayanai da shi daga 1 ga Yulin 2023 an koma sabonsa mai suna GA4, na sake zama ɗalibi. Tun 2021 ma da Apple ta fito da tsarin da ke tambayar mai iPhone ko ya yarda manhaja ta bi sawunsa, lissafin da ake gani a allon talla ya rage cika, shi ya sa nake yarda da takardata fiye da kowane allo.

Akwai kuma abin da babu kwas ɗin da zai koya maka, yadda za ka zauna da mai kasuwa ka gaya masa gaskiya. Wani zai ce shi mabiya dubu goma yake so cikin wata, wani zai ba ka hoto mai duhu da aka ɗauka a kan gado ya ce ka yi masa abin mamaki, wani kuma in ciniki ya zo ya ce ai dama kayansa ne masu kyau, in bai zo ba kai ne ba ka iya ba. Yanzu kafin in karɓi aiki sai mun rubuta abin da za mu ƙirga, kuɗin talla daban ladan aikina daban, kuma da katin mai kasuwar za a biya tallar ba nawa ba. Maganar kuɗin nan sai da na ƙone sau ɗaya kafin na koya.

Maganar satifiket kuma, tunda ita aka fi tambaya. Yana da kyau a CV, yana nuna ka fara abu ka gama, kuma wata ƙila in kamfani kake nema ya sa a tsaya a duba takardarka. Amma cikin duk waɗanda na yi wa aiki mutum ɗaya ne tak ya taɓa tambayata shi, shi ma bai buɗe ba na tabbata. Aikina na biyu, wani mai gyaran kwamfuta ne, abin da na nuna masa shafi ɗaya ne daga lissafin Yaya bayan na nemi izininta na rufe sunaye, ga satin bustin da laik 600 da ciniki sifili, ga satin da aka gyara. Ya daɗe yana kallon layin sifilin nan, ya ce shi ma abin da ke faruwa da shi kenan tun bara. Shi ko talla ba mu fara da ita ba, Google Business Profile na buɗe masa, wanda a da ake kira Google My Business, wato bayanan shago da ke fitowa a binciken Google da taswira, muka sa lokutan aiki da lambar waya da hotunan teburinsa, na ce duk wanda ya gyara wa na'ura ya roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa a wurin. Yaya ta ji labari ta ce ita ma a buɗe mata, sai da na yi mata bayani cewa tsarin na masu wurin da ake zuwa ne ko masu zuwa wajen kwastoma, mai sayarwa ta intanet zalla ba ya ciki, har yanzu dai ba ta yarda ba, gani take rowa nake mata.